Mata Biyu da Na Mayar Mace Ɗaya

Ƙofar Gayan, Birnin Zariya
Talata, bayan la'asar

Uwata,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina gaishe ki gaisuwar uba. Allah Ya sa takardar nan ta same ki zuciyarki ta ɗan yi sanyi. Ya kai ki Kaduna lafiya, Ya tsare ki a hanya da masauki, Ya haɗa ki da mutanen kirki a wurin aiki. Amin.

Za ki yi mamakin wasiƙa daga mutumin da bango ɗaya ya raba ɗakinsa da naki. Dalilin kin san shi. Bakina ba shi da birki. Biro kuwa yakan jira ni in yi tunani.

Ran Juma'a kin zo da takardar kamfanin da ya ɗauke ki aiki, kina ta murna. Kika ce za ku tattara bayanan marasa lafiya na asibitoci bakwai ku zuba a babbar kwamfuta ɗaya a Kaduna, kowane asibiti ya riƙa ɗauko nasa ta layin waya. Kika ce, "Baba, an gama da kati ke nan. Babu abin da zai ƙara ɓata." Ni kuma na ce wanda ya koya miki haka jaki ne, kuma kin fi shi. Kika tsame hannu daga tuwo. Yau kwana huɗu ba mu wuce ina kwana ba, jibi kuma za ki tafi. Innarki ta ce in ban gyara abin da na ɓata ba kafin ki shiga mota, in nemi mai ba ni abinci.

Ke ba jaka ba ce. Maganar da kika faɗa tawa ce. Na taɓa faɗar ta kalma da kalma, da ƙarfi, a gaban wani dattijo sa'an mahaifina. Jin ta a bakinki shi ya tashe ni. Akwai abin da ban taɓa gaya miki ba, kuma ba na son ki taɓa bayanin mutum ko ɗaya kafin ki ji shi.

Kin san ban yi makarantar kwamfuta ba. Daga aji uku na sakandare na tsaya. Na fara da buga kati mai huda, irin wanda kwamfutar da ke karantawa, a wani ofis a Samaru, ina kwafe abin da masu digiri suka rubuta ba tare da na san ma'anarsa ba. Littattafan da suka yar nake kwasa in kawo gida a bayan keke, in zauna da ƙamus ina bin su layi-layi. Shafi ɗaya yakan ci mini kwana uku. Haka na koya. Kuma haka na koyi raina mutane, don duk wanda na gani da takardar shaida sai in ji ina son in kunyata shi, duk wanda ba shi da ita kuma in ga ragonci ne ya hana shi yin abin da na yi. Ina da shekara ashirin da bakwai ba wanda nake gani da gashi a ka.

A lokacin ne wani likita mai asibitin kansa a bayan ganuwa ya sayo kwamfuta, ya ɗauke ni in rubuta masa furogiram na ajiye bayanan marasa lafiya. Kina 'yar shekara bakwai.

Kuskurena na farko na son kayan aiki ne. Na rubuta furogiram ɗin cikin wata huɗu, yana aiki lafiya lau, ma'aikata sun saba da shi. Sai wani abokina ya dawo daga Legas da faifan disket shida na wani sabon yaren rubuta furogiram, ya ce wanda nake amfani da shi na tsofaffi ne. Kalmar nan kaɗai ta ishe ni. Na rushe abin da ke aiki na sake ginawa, wata biyar, don kawai kada a ce an bar ni a baya. Da na gama, abin da tsohon ke yi shi sabon ke yi, sai dai ya fi jan ƙafa, kuma nas-nas suka koma koyo daga farko suna tsine mini a zuci. Abokin nawa ya bar ƙasar, littafin da ke bayanin yaren bai zo da shi ba, na zauna da abin da ko ni ban san cikinsa ba.

To ki ji. Na ga irin kayan da kuke aiki da su yanzu, ana tura ɗan ɓeran kwamfutar nan a kan tebur, a ja akwati a ajiye, furogiram ya fito kamar an ɗora fura a nono. Ban ce ba su da kyau ba. Na gwada na wurin aikinmu, na ji haushin sauƙinsa. Amma kafin ki so kayan aiki, ki tambaya: ran da ya ƙi, zan iya buɗe cikinsa in ga me ya same shi? Wa kuma ya san shi a garin nan ban da wanda ya sayar mana? In amsar babu ce, ki riƙe tsohon da kika sani. Majinyaci bai taɓa tambayar da wane yare aka rubuta katinsa ba.

Na biyu ya fi muni, don da gangan na yi shi. Na riƙa sa wa sassan furogiram sunaye da ni kaɗai na san ma'anarsu. Wani sashe na sa masa sunan unguwarmu, wani sunan akuyar Innarki. Ban rubuta bayani ko layi ɗaya ba. Dabarata ita ce kada Likita ya iya sallamata. Dabarar ta ci, ya kasa sallamata, ni ma na kasa tafiya ko'ina. Ran sunan ƙaninki daga wurin raɗin suna aka zo aka ɗauke ni a babur saboda firinta ta ƙi. Bayan shekara na buɗe sashen nan mai sunan akuya, na zauna ina zagin wawan da ya rubuta shi, ni ne kuwa. Ki rubuta komai yadda baƙo zai karanta ya gane. Baƙon nan ke ce bayan wata shida. Kuma ki koya wa wani duk abin da kika sani, don ki iya yin zazzaɓi kamar kowa.

Yanzu ga abin da ya sa na ɗauki biro.

Kafin kwamfuta, ɗakin kati na hannun wani dattijo ne, Malam Sule, mutumin Ƙofar Kuyambana. Shekararsa goma sha tara yana tagar ba da kati. Boko ɗinsa kaɗan ne, iyakarsa cike gaban kati. Bayan katin kuwa duk ya cika shi da rubutun ajami ƙanana, wasu katunan har da jan zare ɗaure a kusurwa. Da na zo kwashe bayanan, na yi gurbin suna, sunan uba ko miji, ranar haihuwa, unguwa, sai cuta da magani. Haka na gani a littafin Turawa. Malam Sule ya ce, "Malam Lawal, na bayan fa?" Na ce, "Wannan tsubbun naka ba shi da gurbi." Ya gyara hularsa.

Kin san yadda matanmu suke a taga. A tambayi mace sunan maigida, ta sunkuyar da kai ta ja mayafi, ba za ta faɗa ba ko za a kwana. In ta matsu ta ce "Malam". Mai rubutu ya gaji ya sa Muhammad. A tambaye ta sunan ɗanta na fari, ta waiwaya tana neman wanda zai faɗa mata. A tambaye ta ranar haihuwa, ta ce shekarar da ganuwa ta zube ta wajen gidansu. Sai a dubi fuskarta a ƙiyasta shekara, a rubuta ɗaya ga Janairu. Rabin birnin Zariya ɗaya ga Janairu aka haife su. A nan na tashi, na san duk wannan kamar yadda na san hanyar masallaci. Amma da na zauna gaban kwamfuta sai na zama Bature.

Kwamfutar ta cika, ta fara nauyi. Na duba na ga suna ɗaya yana maimaituwa: Aishatu Muhammad, Ƙofar Gayan, ɗaya ga Janairu, har sau goma sha ɗaya. Na ce ai ga ɓarnar Malam Sule nan, mace ɗaya yana ta buɗe mata kati duk zuwa. Na rubuta wani ɗan furogiram, layi arba'in bai cika ba. Duk inda suna da unguwa da ranar haihuwa suka zo ɗaya, ya riƙe na baya-bayan nan ya share sauran. Ban gwada shi a kan kwafi ba. Ban nuna wa kowa ba, wa ma zan nuna wa? Na danna ran wata Alhamis da hantsi, kafin in gama shan kunu ya gama. Kwamfuta ta koma gudu. Na fito ina taƙama.

A makon da na yi sharewar ne na sa a fitar da katunan daga ɗaki a ƙone, don ina son wurin. Malam Sule ya ce a bar su ko shekara ɗaya. A gaban layin mata na ce masa, "An gama da kati, Malam. Babu abin da zai ƙara ɓata. Kwamfuta ba ta mantuwa, ba ta ƙarya, ba ta kuma gyangyaɗi a taga." Mata suka yi dariya a cikin mayafi. Maganar nan ta "kwamfuta ba ta ƙarya" na yi ta dukan ma'aikata da ita har suka haddace. Duk wadda ta ce mini tana ganin akwai kuskure, sai in tambaye ta ajin da ta tsaya.

Bayan mako shida wata mata ta zo da ciwon ƙirji da zazzaɓi. Likita ya yi tafiya, wani baƙon likita ne a madadinsa, ba ya jin Hausa sosai. Aka buga takardarta, ya duba, ya rubuta allurar fenisilin. Matar ta ce wa nas ɗin, "'Yar nan, ni fa akwai allurar da ba ta karɓe ni ba. Malam mai kati ya sani." Nas ta duba takarda sama da ƙasa ba ta ga komai ba. Ta ce, "Iya, kwantar da hankalinki, da akwai da ta nuna. Kwamfuta ba ta ƙarya."

Ina ɗakina na ji gudu a baranda. Da na leƙa, matar tana ƙasa, fuska ta kumbura har ido ya shige, leɓe ya yi baƙi, numfashi yana fita kamar ana jan ƙarfe a siminti. Allah Ya sa baƙon likitan nan ya san aikinsa, kuma maganin da ake karya abin yana cikin kabad. Ta yi kwana tara a gado.

Katinta na asali yana da gargaɗin, da jan biro, a gaba, kuma na kwashe shi da hannuna na sa a kwamfuta tun farko. Furogiram ɗina ne ya share ta, ya bar wata Aishatu Muhammad, matar wani baduku, wadda ba abin da allura ke yi mata. Mata biyu, gida daban, miji daban, jini daban, na mayar da su mace ɗaya ina shan kunu.

Na ce ba komai, ai ina da kwafi. Duk Juma'a nakan kwafe komai a disket, jeri uku, ina juya su. Har gori nake yi da wannan. Sai da na zauna na tuna: jeri uku mako uku ke nan, sharewar kuwa ta yi mako shida. Duk kwafin da ke hannuna kwafin ɓarnata ne, na adana ta da kyau sau uku. Akwai wani tsohon jeri a ƙasan durowa, na sa shi, kwamfuta ta yi ta gurnani ta ce ba ta san shi ba. Danshin damina ya shiga cikinsa. Shekara biyu ina kwafi, ban taɓa gwada dawo da ko ɗaya ba.

Ki riƙe wannan ko kin manta sauran. Kwafin da ba ki taɓa dawo da shi kin buɗe kin gani ba, ba ki da shi. Ki ware rana a wata, ki ɗauka kwamfutar ta ƙone, ki tayar da komai daga kwafi a wata na'ura. Ki ajiye wani tsoho can nesa wanda ba a taɓawa. Kuma kada ki share. Ki sa alama, ki ɓoye, ki matsar gefe, amma kada ki share abin da ya shafi jikin mutum.

Washegari da azahar na tafi Ƙofar Kuyambana a ƙafa, don na kasa hawa keken. Na sami Malam Sule a zaure. Ban san me na je yi ba, wataƙila in ji ya zage ni in samu sauƙi. Na yi sallama, na tsuguna. Ya dube ni ya ce, "Malam Lawal, ka ci abinci kuwa?" Na ce a'a. Ya sa aka kawo fura. Sai da na sha ya tashi ya yaye wata tabarma a lungun zauren. Buhuna ne har rufi.

Na ce, "Malam, ba a ƙone ba?"

Ya ce, "Ka ce a fitar a ƙone. Na fitar. Ashana ce ban samu ba har yau."

A amalanke ya kwaso su, sawu huɗu, da kuɗin aljihunsa. Ya zaro katin matar bai ko yi lalube ba. Ga jan zare a kusurwa. Ya juya bayan ya karanta mini ajamin: "Indo ta gidan rimi, mai tabo a haɓa, allura ba ta karɓe ta ba." Ya zaro na ɗayar: "A'i matar baduku, mai tagwaye." Goma sha ɗayan nan mata tara ne. Biyu kaɗai ne maimaici. Abin da na kira tsubbu shi ne ainihin sunayen mutane.

Mako bakwai muna zauren nan bayan an tashi aiki, yana karantawa ina rubutawa, muna raba mutanen da na cakuɗa. Bai taɓa tuna mini maganar taga ba. Sau ɗaya dai, da na yi tsaki don ya daɗe yana neman wani kati, ya ce, "Yi haƙuri, gyangyaɗi nake." Da ya mare ni da ya fi mini sauƙi. Da muka gama na ƙara gurbi a furogiram, babba, ba iyaka, na sa masa suna "bayan kati". Na rubuta bayanin komai a littafi, na koya wa mutum biyu, sannan na ajiye aikin. Likita bai kore ni ba. Ni na kasa bin barandar nan. An gaya miki albashi ne ya raba mu. Ba shi ba ne.

To ku ga shi asibiti bakwai za ku haɗa. Uwata, Aishatu Muhammad nawa kike tsammani a asibiti bakwai? Wata rana wani mai wayo a ofishinku zai ce a tace maimaici. Zai zo da dabara mai kyau, zai fi ki digiri, wataƙila shi ne ogan. Ki tashi tsaye ki ce a'a, sai an nemo mai tagar kowane asibiti an zauna da shi. In sun yi miki dariya, ki ba su labarin ubanki, na yafe miki.

Batun babbar kwamfutar Kaduna kuma, ban ƙi ta ba. Na san amfaninta: mutum ya yi ciwo a wani gari a ga tarihinsa. Abin da ya ba ni haushi yadda takardar kamfanin ke maganarta kamar wani abu a sama wanda ruwa ba ya taɓawa. Na'ura ce a ɗaki. Ɗakin yana da rufi mai iya yoyo, da janareto mai shan mai, da mai gadi da ke tafiya masallaci ran Juma'a. Tsakaninta da Zariya waya ce a kan turakun bakin hanya, kin kuma san abin da iskar farkon damina ke yi wa waya. Wayar ofishinmu ta taɓa yin wata guda a mace. Don haka tambaya ɗaya za ki riƙa yi a kowane taro har su gaji da ke: ran da layi ya yanke, ga mace tana naƙuda, me nas za ta duba? In ba su da amsa, aikin bai ƙare ba, ko an yanka kintinkirin bikin buɗewa. A bar wa kowane asibiti abin da zai riƙe a hannunsa, ko takarda ce. Kuma duk wanda ya ce miki nasu ba ya faɗuwa, ki tambaye shi yaushe ya faɗi na ƙarshe. Mai gaskiya zai gaya miki rana da abin da suka yi. Wanda ya ce bai taɓa ba, ko sabo ne ko maƙaryaci.

Sauran kaɗan ne. Ki ci abincin rana. In an tashi ki tashi, yawancin kurakuraina cikin yunwa da gajiya na yi su. Kada ki taɓa abu mai muhimmanci ran da za a shiga hutu. Gidan ƙanwar Innarki za ki zauna, ki taya ta aiki, kada ki koma mata baƙuwar otal. Bakina kuma kin gada, na ji yadda kike yi wa ƙannenki. Kaifin baki yana sa mutane su daina kawo miki labarin kuskure, kuskuren kuwa ba ya daina faruwa. Nas ɗin nan ta ji maganar matar, zuciyarta ta so ta tsaya. Tsoron bakina ne ya tura allurar. Ran da wadda ba ta yi aji uku ba ta ce miki, "Anya kuwa?", ki ajiye abin da kike yi ki ja mata kujera.

Ke kanki ki duba. A makaranta Rakiya Lawal ce ke. A katin asibiti Ummi. Kakanninki na wajen Innarki suna ce miki Ta-Annabi. Ni kuwa sunan mahaifiyata gare ki, sama da shekara ashirin bai fita daga bakina ba, yanzu ma da na rubuta shi sai da hannuna ya tsaya. Furogiram irin nawa zai ce ku uku ne, ko ya haɗa ki da wata ya share ki.

Ga roƙona. Malam Sule ya riga mu gidan gaskiya, Allah Ya jiƙansa, Ya sa haƙurinsa ya bi shi. Amma Gwaggo Indo tana nan. Gwaggo Indon da nake kai ku gaishe ta duk Sallah da turmin atamfa, wadda kika taɓa tambayata ta wajen wa muka haɗa dangi na ce ki rufe mini baki. Ba mu haɗa komai ba. Ita ce ta gidan rimi. Ta san ni ne, na gaya mata tun tana gadon asibiti. Abin da ta ce kawai, "To ɗan nan, ka gyara na sauran."

Gobe da safe ki je ki yi mata sallama. Ki zauna, kada ki yi sauri. Ki dubi tabon haɓarta, ki ji yadda har yau numfashinta ke ɗan kamawa in ta yi dariya. A kwamfutata layi ɗaya ce, kuma na share shi. Duk layin da za ki gani a Kaduna akwai mai irin wannan fuskar a bayansa.

A cikin ambulan ɗin nan akwai ɗan jan zare. Daga katinta na kwance shi ran da muka gama. Shekara goma sha uku yana aljihun jakata. Ki ɗaura shi inda idonki zai riƙa faɗawa kafin ki danna.

Maganar ran Juma'a ki yafe mini. Ba sai kin ce komai ba, na san jinin da ke jikinki. In kin yafe, jibi ki bar ni in ɗaukar miki akwati zuwa tasha.

Allah Ya yi miki albarka. Ya tsare gabanki da bayanki, Ya tsare hannunki daga cutar da wanda ba ki gani ba, Ya tsare bakinki fiye da yadda na tsare nawa. Ya kai ki lafiya, Ya dawo mana da ke lafiya. Amin.

Ni ne mahaifinki,
Lawal